Yatsun Tsohon Akawu

Shekara talatin da ɗaya ina dukan tafireta
a ofishin filaye, hawa na biyu, jikin taga.
Ranar da na ajiye aiki, yatsuna suka rasa abin duka,
suka koma kan tebur, kan gwiwa, kan murfin kwano,
har mai ɗakina ta ce,
"Malam Tanimu, kai su wani wurin."

Na kai su Sabon Gari,
bayan masu sayar da taya, gida mai koren ƙyaure.
Can Malama Briskila ke da fiyano
wanda ya girmi duk 'ya'yana.
Haƙoransa sun yi ja kamar na mai cin goro,
ɗaya can ƙasa ba ya magana sai da lallashi.

Ranar farko na kai masa duka irin na ofis.
Ta riƙe min wuyan hannu:
"Sassauta. Ba ka bin sa bashi."
Ta sa min lemon tsami a tafi,
ta ce in dunƙula, sannan ta zare shi.
"Ramin nan da ya bari, kar ka rushe."
Mako uku ina yawo da lemon da babu,
a layin banki, a cikin a-daidaita-sahu,
har wani yaro ya leƙa ya ga me na ɓoye.

Babban yatsa, da ya saba zaman hakimi,
ya koyi sunkuyawa ya bi ta ƙarƙashin ƙannensa.
Na zobe malalaci ne,
ba ya tashi sai ya tayar da maƙwabci.
Hagu da dama kuwa, dillalai biyu a Kwari,
kowa na kiran nasa farashin.

Sai na zo mata da burina:
shafi goma sha biyu, jikana ya bugo min,
kiɗan da na ji a rediyo wani dare ina saurayi,
bai fita daga kunnena ba.
Takardar baƙi ƙirin,
kamar tururuwa ta sami buhun sukari.
Ta duba, ta duba ni, ba ta yi dariya ba.
Ta ɗora shi kan kabad, ta danne da agogo.
Ta miƙo min layi huɗu
da hoton agwagwa a kusurwa.

Ni? Mai shekara sittin da uku?
Na haɗiye, kamar maganin zazzaɓi.

Agwagwar nan ta kayar da ni a layi na uku.
Ta sake kayar da ni ran Laraba.
Malama ta ce, "Kana gudu ne don kar a ga inda kake ɗingishi.
Tsaya a wurin. Hagu kaɗai. Sau bakwai.
A hankali, har ka ji kunya."

Ta ce, "Abin bugawa kamar takalmi ne.
Ka ajiye wanda ka saba, don ranar da zuciya ta gaji,
ka sa wanda ke ɗan matsa ka.
Na kan kabad, ka riƙa gaishe shi."

A gida ba ni da fiyano.
Kwalin firji na yanka, na zana haƙora da biro.
Bayan isha'i, ko da wuta ko babu,
ina bugawa, ba mai ji sai ni.
Kwali ba ya tona asiri,
amma kafaɗa kan faɗa min in na ƙanƙame.

Jiya na haye layi na uku ban yi tuntuɓe ba.
Na jira yabo.
Tana tsakar gida tana tsince wake,
ba ta ko ɗago ba.
Sai dai na ji tana bin agwagwar da hanci,
ƙasa-ƙasa, daidai inda nake.

Da zan fita na dubi kan kabad.
Na ce, "Muna nan tafe."
Ta ce, "Laraba. Ka yanke farce."